Darasi na 14: Labarin Adar cikin telebijin

Bayan sallar magariba, an ci tuwo, sai ka ga mutane sun taru gaban telebijin. Wasu a zaure, wasu a bakin shago, wasu wurin mai shayi. Labaru suke jira. In aka ambaci Tawa, ko Keita, ko Abalak, sai kowa ya yi tsit, ya gyara zama. Yara, ta wace hanya labarin ƙasarmu yake shiga cikin wannan akwati? Kuma tun yaushe? Abin da za mu karanta ke nan yau.

1. Kafin telebijin

A zamanin kakanninmu, labari da ƙafa yake tafiya. In sarki yana da magana, sai ya aiki manzo bisa doki zuwa ga hakimai. Sanƙira ya bi gari yana shela. Ranar Lahadi, mutanen ƙauyuka su zo kasuwar Tawa da hatsi da dabbobi, su koma gida da gishiri da labari. In ɗan ci-rani ya komo daga Abijan, a cika gidansu don a ji halin da ƴan uwa suke ciki.

A shekarar 1958 aka buɗe gidan rediyon Nijar a Yamai. A 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo. Malami ya tara mutanen gari su saurari shiri, su tattauna. Sa'an nan ya ɗauki muryarsu, ya aika Yamai. Ta haka manomi ya fara jin muryar manomi ɗan uwansa cikin rediyo. A 1974 aka sauya wa gidan suna, ya zama Muryar Sahel.

Amma rediyo ji ne kawai. A 1975 aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko, a nan birnin Tawa. Kantu na Maraɗi ya zama sarkin kokowa. Wanda bai je fili ba, bai ga kayen ba, sai dai ya ji labari.

2. Telebijin ta fara da ƴan makaranta

A Nijar, ba manya suka fara kallon telebijin ba. Yara ne kamarku. A 1964, zamanin shugaba Diori Hamani, aka fara koyar da karatu ta telebijin a Yamai, da taimakon ƙasar Faransa. Malamai sun yi kaɗan a lokacin. Sai aka sa akwati a gaban aji, darasi ya fito daga cikinsa, wani mataimaki ya lura da yara. Amma dukan darasin da Faransanci ake yi. Sai a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro yake fara karatu da Hausa, kamar yadda muke yi.

A 1967 aka kafa ma'aikatar rediyo da telebijin ta ƙasa, wadda aka sani da ORTN. A 1979, zamanin shugaba Seyni Kunce, aka buɗe telebijin ta kowa da kowa, aka sa mata suna Tele Sahel. Da farko ba kullum take aiki ba, sai wasu ranaku cikin mako, da marece zuwa dare.

3. Hoto ya iso Adar

Daga Yamai zuwa Tawa ya fi kilomita 500. Hoton telebijin kuwa ba ya da nisan zango kamar muryar rediyo. Tsauni yana tare shi, nisa yana raunana shi. Saboda haka aka kakkafa dogayen ƙarafa bisa hanya. Wannan ya karɓi hoto ya miƙa wa wancan, kamar yadda magina suke miƙa wa juna tubali, har ya iso gare mu.

Talaka ba ya iya sayen telebijin a lokacin, kuma ƙauyuka ba su da lantarki. Sai gwamnati ta raba akwatunan kallo na jama'a a garuruwa da yawa. Wasu da hasken rana suke aiki: faifai ya sha rana da yini, ya cika batir, da dare a kunna. Maza su zauna gefe guda, mata gefe guda, yara a gaba bisa rairayi.

Babban labarin dare da Faransanci ake karanta shi. Mafi yawan masu kallo kuwa ba su shiga makarantar boko ba. Suna ganin hoto, ba su jin magana. Don haka aka keɓe lokacin labaru cikin harsunan ƙasa: Hausa, Zabarmanci, Tamajak, Fulatanci, Barbarci da sauransu. Wannan yana da amfani ƙwarai a jaharmu, domin a arewacin Adar Bahaushe da Buzu da Bafillace rijiya ɗaya suke sha, kasuwa ɗaya suke ci.

4. Tafiyar labari guda

A birnin Tawa akwai reshen gidan rediyo da telebijin na ƙasa. Ma'aikatansa su ne idon Yamai cikin jaha. Bari mu bi labari guda, mu ga tafiyarsa.

Mu ce an gama ginin wata rijiya a wani ƙauye. Mutum uku za su tashi daga Tawa: ɗan jarida, da mai kyamara, da direba. Mai kyamara ya ɗauki hoton rijiya da mata masu jan ruwa. Ɗan jarida ya tambayi hakimi da mutanen gari. Su komo Tawa, ya rubuta labari, a zaɓi hotunan da suka dace, a bar saura. Aikin yini guda, da ƙyar yake cika minti biyu ko uku.

A da, cikin kaset ake ɗaukar hoton. Sai a ba motar da za ta Yamai. Labari ya kwana bisa hanya, wani lokaci ya fito bayan kwanaki. Yanzu ta intanet ake aika shi, ya isa kafin ka sha fura.

A Yamai, labaru suna zuwa daga jahohi takwas. Lokaci ba ya isa a nuna su duka. Shugaban sashen labaru ya zaɓi wasu, ya ajiye wasu. Bayan haka mai fassara ya juya su zuwa Hausa. Kun gani, kafin labari ya iso idonku, ya bi ta hannu da yawa. Kowane hannu kuma ya rage wani abu.

5. Abin da kyamara ba ta gani ba

A 1984 aka yi fari mai tsanani. Hatsi bai yi ba, dabbobin Azawak suka mutu, makiyaya suka gangaro kudu. Rediyo da telebijin suka yi ta kira a yi noman rani. A wannan shekara kuma aka fara babban aikin raya ƙasa na Keita, inda mata suka ɗauki duwatsu a kai, aka jera su don tare ruwa, aka dasa itatuwa. Wanda ya ga irin wannan aiki da idonsa ya fi wanda aka ba labari saurin kwaikwayo. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Amma ku lura da abu ɗaya. Kyamara tana ganin inda aka juya ta kawai. Mota tana bin inda hanya take da kyau. Sau da yawa kuma tana bin manya ne in sun fita rangadi. Garin da yake bakin kwalta ya fito cikin labaru. Zangon makiyayi da yake bayan tudu, rijiyarsa ta ƙafe, ba wanda ya gani. Wanda ba a gani ba kuwa, taimako yakan yi jinkirin isa gare shi. Saboda haka in labaru sun ƙare, ku tambayi kanku: wa aka nuna? Wa aka bari?

Shekaru da yawa Tele Sahel ita kaɗai ce telebijin a Nijar, kuma ta gwamnati ce. Bayan babban taron ƙasa na 1991 aka buɗe ƙofa. Gidajen rediyo masu zaman kansu suka fito, daga baya gidajen telebijin suka biyo. A 2022 aka sauya sunan ORTN, ya zama RTN.

A 2017, da aka yi bikin 18 ga Disamba a garinmu, wanda aka kira Tawa Sakola, ƙasa duka ta kalli Tawa kai tsaye. Ƴan ci-rani ma suna kallon gida ta tauraron ɗan Adam da ta salula. Yau duk mai salula yana iya ɗaukar hoto ya watsa. Wannan alheri ne, amma ƙarya ma ta samu doki. Kada ku miƙa labarin da ba ku san tushensa ba. Wata rana wani daga cikin ajin nan zai riƙe kyamara. In ranar ta zo, ya tuna da mutanen bayan tudu.

Ma'anar kalmomi

Sanƙira: mai yin shela da yawun sarki.
Reshe: ƙaramin gidan aiki da yake ƙarƙashin babba.
Rangadi: yawon da shugaba yake yi don duba ƙasa.
Kai tsaye: nuna abu a lokacin da yake faruwa.

Tambayoyi

1. Ta waɗanne hanyoyi labari yake tafiya kafin zuwan rediyo?
2. Su wa suka fara kallon telebijin a Nijar? A wace shekara?
3. Shekara nawa ke tsakanin buɗe gidan rediyo da buɗe Tele Sahel?
4. Don me aka keɓe lokacin labaru cikin harsunan ƙasa?
5. Me ya sa labarin wasu ƙauyuka ba ya fitowa cikin telebijin?

Aiki

Ku tambayi wani tsoho ko tsohuwa a gidanku ranar da suka fara ganin telebijin. A ina ne? Me aka nuna? Sa'an nan kowa ya rubuta labari ɗaya na unguwarsu cikin layi biyar. Ya faɗi abin da ya faru, da wurin, da ranar, da wanda ya shaida masa. Gobe za mu karanta su a gaban aji.