Yaro da Karen da Ba na Gidansu Ba

Wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Jos ya san dajin Falgore. Mota takan ratsa ƙasar Bebeji da Kiru, ta karya a Kwanar Ɗangora, ta wuce Tudun Wada, sannan ta faɗa cikin dajin kafin ta ɓulla ƙasar Doguwa. Daga birnin Kano tafiyar kilomita kusan 150 ce. Tun zamanin Turawa, a shekarun 1940, aka keɓe dajin da sunan gandun Kogin Kano. A shekarun 1960 aka mai da shi gandun namun daji. Kewaye da shi akwai ƙauyukan manoma da rugagen Fulani, akwai kuma gidajen mafarauta na gado.

A irin wannan ƙasa kare ma'aikaci ne. Akwai na farauta, akwai mai bin shanu, akwai mai tsaron gona da rumbu. Malamanmu sun karantar da mu cewa Musulunci ya yarda a ajiye kare saboda waɗannan ayyuka. Don haka ba cewa za mu yi a rabu da karnuka ba. Darasinmu na yau a kan 'ya'yanmu ne, da yadda suke kusantar karen da ba su sani ba.

Yadda tsautsayin yake zuwa

Da rani, bayan amfanin gona ya shigo gida, sai ka ga motar 'yan farauta ta tsaya a bakin kasuwa. An sauke karnuka an ɗaure su a gindin bishiya. Sun sha rana, sun sha jijjigar mota, kowanne harshe a waje. Masu su sun tafi salla ko neman abinci. Nan da nan yara sun kewaye su. Wannan yana fito, wancan ya ɗauko kara yana zungura. Ƙaraminsu, ɗan shekara biyar, ƙosai a hannun hagu, ya matso ya miƙa hannun dama zai shafa kan kare.

Yaron nan ba shi da mugun nufi, sha'awa ce kawai. Amma kare bai san haka ba. Abin da ya gani shi ne hannun baƙo yana sauko masa a ka, ga ƙanshin abinci, ga igiya a wuya babu halin gudu. Karen da ya rasa hanyar gudu cizo yake yi.

Haka yarinyar da aka aika ruga sayen nono. Ta hango 'yan kwikwiyo a ƙarƙashin rumbu, ta tsuguna ta ɗauki ɗaya ta rungume. Ba ta lura da uwarsu da ke kwance a bayan dangar kara ba. Karya mai jego ba ta da wasa, ko mai ita yakan yi kaffa-kaffa da ita. Wani yaron kuma a hanya yake tsintar kwikwiyo, ya cusa shi a riga ya kawo gida, babu wanda ya san daga inda ya fito.

Ku dubi tsawon yaro ɗan shekara huɗu ko biyar. Fuskarsa daidai bakin kare take. Babban mutum a ƙafa ko a hannu ake cizonsa, amma ƙaramin yaro sau da yawa a fuska ne, ko a wuya, ko a ka. Nan gaba za mu ga dalilin da ya sa cizon waɗannan wurare ya fi kowanne haɗari.

A fara tambayar mai shi

Mun koya wa yaranmu sallama kafin su shiga gidan mutane. Mun koya musu kada su taɓa kayan wani sai da izini. Kare ma kayan wani ne, kuma mai shi ne kaɗai ya san halinsa. A koya wa yaro ya tsaya daga nesa ya yi magana:

"Sannu Baba. Wannan karenka ne?"

"Nawa ne, ɗana."

"In taɓa shi?"

"A'a, bai saba da baƙo ba. Tsaya daga nan ka kalle shi."

Idan mai kare ya ce a'a, magana ta ƙare. Idan kuwa ba ya wurin, to babu maganar taɓawa sam. Ko an ba da izini, ba a taɓa kare yana cin abinci, ko yana barci, ko yana jinya, ko yana tare da 'ya'yansa. Ba a kai masa fuska, ba a jan bindinsa, ba a hawa bayansa.

Jifa ma tana cikin abin da za mu hana. A garuruwanmu yaro bai cika ganin kare ya ƙyale shi ba, sai ya duƙa ya ɗauki dutse, manya suna kallo ba mai tsawatarwa. Wannan zalunci ne ga dabba, kuma karen da ya sha jifa yakan huce a kan wani yaron da bai ji ba bai gani ba.

Kare yakan yi gargaɗi kafin ya yi cizo. Jikinsa zai sandare, gashin bayansa ya miƙe, ya yage leɓe haƙora su fito, ya fara gurnani. Wani kuma zai kwantar da kunnuwa, ya cusa bindi tsakanin ƙafafu yana ja da baya. Wannan tsoro ne, kuma kare mai tsoro yana cizo. Kaɗa bindi ma ba kullum yake nufin maraba ba.

Idan kare ya nufo yaro, kada ya ruga. Karen farauta an horar da shi ne ya bi duk abin da ke gudu, kuma babu yaron da zai tsere masa. Ya tsaya cak kamar turke, ya manne hannuwa a jiki, ya kau da ido daga idon karen, kada ya yi ihu. Yawanci kare zai sunsuna shi ya wuce. Idan akwai abinci a hannunsa ya yar. Idan kuma kare ya kayar da shi, ya dunƙule, ya rufe wuya da kunnuwa da hannuwansa har taimako ya zo. Ku gwada wannan da yaranku a tsakar gida kamar wasa, don abin da yaro ya taɓa yi da jikinsa ya fi zama masa.

Ciwon haukan kare

Raunin cizo yana warkewa. Abin tsoro shi ne ciwon da ke iya biyo bayansa, wato ciwon haukan kare. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar da ta kamu. Tana shiga jikin mutum ta cizo, ko yaƙushi, ko kare ya lashi wurin da ke da rauni, ko yawun ya shiga ido ko baki. Daga nan sai ta bi jijiya a hankali tana hawa har ta kai ƙwaƙwalwa. Shi ya sa cizon fuska da wuya ya fi muni, domin tafiyar ba ta da nisa.

Ciwon ba ya nuna kansa da wuri. Yakan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. Rauni ya warke, kowa ya manta. Sai wata rana zazzaɓi ya zo, tsohon wurin cizon ya fara ƙaiƙayi ko zugi. Sai yaro ya fara firgita. Yana jin ƙishirwa, amma da an kawo masa ruwa sai maƙogwaronsa ya shaƙe, ya ture kwanon. Ko iska ta taɓa shi sai ya zabura. A nan ne wasu suke cewa iskoki ne ko sammu. Idan ciwo ya kai nan, kusan babu mai tashi, ko a wane asibiti aka kai shi a duniya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan dukkansu daga kare suka ɗauka. A cikin kowane mutum 10 da ya kashe, 4 yara ne da ba su kai shekara 15 ba.

Mutane da yawa sun ɗauka mahaukacin kare shi ne mai gudu yana dalala yana cizon duk abin da ya tarar. Akwai irin wannan. Amma akwai wani iri da ya fi yaudara. Kare zai yi laushi, ya kwanta shiru, baki a sake, kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya. Mai tausayi sai ya sa hannu a bakin don ya ciro ƙashin. Yaro kuma sai ya ga kare mai sanyin hali ya je ya shafa. Ɗan kwikwiyo ma yana ɗaukar cutar. Karnukan da ke shiga dawa suna gamuwa da dila da wasu karnukan da ba a san lafiyarsu ba, su dawo gari da abin da suka kwaso. Shanu da awaki da jakuna su ma suna kamuwa idan an cije su.

Idan cizo ya auku

Abu na farko ruwa da sabulu. Kowane irin sabulu ne, ko na wanki. A riƙa kwarara ruwa a kan raunin ana cuɗa sabulu har minti 15. A duba agogon waya, domin minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo, buta ɗaya ba za ta isa ba. Yaro zai yi kuka, a riƙe shi a ci gaba. Wankin nan yana fitar da ƙwayar cuta mai yawa tun ba ta kama jijiya ba. Idan akwai aidin a shafa. Kada a zuba barkono, ko toka, ko ƙasa, ko ruwan batir. Wasu suna ɗora gashin karen a kan raunin. Wannan ba ya kashe cutar, ƙazanta kawai yake ƙarawa.

Daga nan sai asibiti, a ranar, ba gobe ba. A gaya wa ma'aikacin lafiya cewa kare ne, a nemi allurar rigakafin ciwon haukan kare. Allurar tatanus daban take, ba ta wadatar. Ba kowane ƙaramin asibiti ke ajiye allurar ba, saboda haka idan babu a tambayi inda za a samu, ko a babban asibitin ƙaramar hukuma ko a birnin Kano. Ba sau ɗaya ake yin ta ba. Ana yi a ranar farko, da rana ta 3, da ta 7, da ta 14, wasu asibitocin har da ta 28. A riƙe kati, a cika duka. Idan cizon ya yi zurfi ko a fuska yake, likita yakan ƙara wata allura a cikin raunin da kewayensa.

Allurar tana da tsada ga talaka, wannan gaskiya ne. Amma a sayar da akuya ko buhun masara a yi ta, domin tana aiki matuƙar an fara kafin ciwo ya bayyana. Wani masani ɗan Faransa, Louis Pasteur, shi ya fara yin ta a shekarar 1885. Wanda ya fara ceta da ita yaro ne ɗan shekara 9, Joseph Meister, da mahaukacin kare ya yi wa cizo da yawa. Yaron ya rayu har ya manyanta.

Shi kuma karen, idan an san mai shi, a ɗaure shi a sa masa ido kwana 10 ana ba shi abinci. Idan ya mutu ko halinsa ya sauya, a sanar da asibiti da malamin dabbobi. Amma ba a jiran kwana 10 kafin a fara wa yaro allura. Idan an kashe karen, kada a taɓa gawar da hannu tsirara. Malamin dabbobi zai iya aika kan zuwa gwaji. Hanyar nan da ta ratsa Falgore ita ce ke kaiwa Jos, kuma kusa da Jos, a garin Vom na Jihar Filato, akwai Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa, wadda take can tun 1924. A can ana gwada irin wannan, ana kuma haɗa allurar rigakafin karnuka.

Kai ma mai kare akwai hakki a kanka. Ka kai karenka a yi masa rigakafi tun yana wata 3, ka riƙa sabuntawa duk shekara, ka adana takardar. Masana sun ce idan aka yi wa karnuka 70 cikin 100 na wani yanki allura, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Kada ka ɗaure kare a kasuwa ka tafi ba mai tsaro. Idan karenka ya ciji ɗan wani, kada ka ɓoye shi, kada ka yi rantsuwa cewa lafiyarsa ƙalau. Kare yana iya ɗauke da cutar a yawunsa kwanaki kaɗan kafin a ga alama.

Saura magana ɗaya, kuma da iyaye muke. Yaro yakan ɓoye cizo saboda tsoron bulala. An hana shi zuwa wurin, ya je, kwikwiyo ya ɗan kama masa yatsa, jini bai ma zuba sosai ba. Sai ya goge da riga ya yi shiru. Wannan shirun yana iya cin ransa. Ke uwa, idan kina yi wa yaro wanka ki riƙa duba jikinsa, ki tambayi duk wani ƙwarzane da ba ki san asalinsa ba. Kai uba, yau da dare ka tara 'ya'yanka ka ce musu: "Duk wanda kare ya ciza, ko ya yakushe shi, ko ya lashi ciwonsa, ya zo ya gaya mini nan take. Na yi alkawari ba zan doke shi ba." Ranar da yaro ya zo ya faɗa, ka cika alkawarin, ka ɗauko ruwa da sabulu.