Kwamfutar Dā da Abin da Ta Koya Mana

'Yan'uwa ɗalibai, kowace kwamfuta tana da abin da a ke kira babbar manhaja, watau ita ce uwargida. Ita ke karɓar umurni daga hannun mai aiki, ta ba kowace manhaja aikinta, ta kuma san inda a ka ajiye kowane fayil. In babu ita, kwamfuta akwati ce kurum.

Yadda Muka Fara

Ni dai na fara zama gaban kwamfuta a 1996, a wani ɗan shago a Fadaman Mada, nan Bauchi. Sai mun tuɓe takalma mu ke shiga, in an tashi kuwa a lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura. Babbar manhajarta MS-DOS ce, wadda ta fito tun 1981. Babu hoto ko ɗaya, sai baƙar fuska da 'yar alama, C:\>, tana jiranka. In kana son ganin fayilolinka ka rubuta DIR, in za ka shiga wata jaka ka rubuta CD, in za ka kwafa ka rubuta COPY. Sunan fayil ba ya wuce harafi 8, da wasu 3 a ƙarshe. Ka kuskure harafi guda, sai ta ce ba ta san zancen ba.

Aikinmu a faifan fulofi mu ke ajiyewa, mai cin megabait 1.44, wanda sau da yawa hoton waya guda na yau ya fi ƙarfinsa. Ran nan na buga shafi huɗu ban adana ba, wuta ta ɗauke, duk suka tafi. Tun daga ranar ban sāke ba. Haruffanmu masu ƙugiya kuwa, ɓ, ɗ da ƙ, babu su, sai an buga takarda mu bi da biro muna sa musu ƙugiya.

Sa'an nan mai shagon ya kawo Windows 95. Ranar da na fara riƙe ɓera, na ja fayil da hannuna na jefa cikin jaka, wallahi ji na yi kamar an sauke mini kaya. Daga baya Windows 7, wadda ta fito a 2009, har Hausa a ke iya sa mata.

Abin Lura Ga Malami

To, ba cewa na ke a koma baya ba. Amma wahalar nan ta tilasta mana sanin abu uku: mene ne sunan aikina, ina ya ke zaune, na kuwa adana shi? Yaro na yau ya iya shafa waya, amma ka ce ya nuna maka inda takardarsa ta ke, sai ya yi zuru. Ga shi kuwa tun 2015 da kwamfuta a ke jarrabawar JAMB. Saboda haka in kun je aikin koyarwa, ku fara da waɗannan uku, ko da a kan allo ne. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin babbar manhaja?
2. Me DIR da COPY su ke yi?
3. Yaya za ka koya wa 'yan aji shida bambancin fayil da jaka in makarantar ba ta da kwamfuta?