Yadda ake dashen itatuwa don samun kuɗin kabon

Masu sayen kabon, kuɗin itacen da ya rayu suke biya. Kowane tan ɗaya na iskar kabon da itatuwanka suka zuƙe, takarda ɗaya ce da ake sayarwa. Bikin dashe da ɗaukar hoto ba ya kawo ko sisi.

1. Gyara maganar fili. Yarjejeniyar sayar da kabon kan kai shekara 20 zuwa 30. Gonar aro, ko ta gado da ba a raba ba, rigima ce. Dagaci da magada su shaida a rubuce.

2. Ku kafa ƙungiya. Kuɗin tantancewa a wurin hukumomi irin su Verra ko Plan Vivo ya fi ƙarfin manomi ɗaya.

3. Zaɓi itatuwan gida: gawo, dakwara, aduwa, magarya, kuka. Kada a cika maka gona da turare zalla. Masu biyan kuɗin farfaɗo da halittu, gaurayen itatuwa suke nema, inda tsuntsu da zuma za su dawo.

4. Kafin ka sayi dashe, duba kututturan kalgo da sabara da ke gonarka. Bar reshe biyu zuwa biyar masu ƙarfi, ka sassabe sauran. Haka manoman Maradi da Damagaram suka dawo da itatuwa a fili kusan hekta miliyan 5 tun daga shekarun 1980.

5. Dasa bayan damina ta zauna, wajen Yuli. Cire ledar da dashen yake ciki. A faƙo, yi ramin rabin wata ya tare ruwa.

6. Awaki. Nan ake asara. Da an gama girbi aka saki dabbobi, dashenka ne kaɗai kore a filin, dare ɗaya ya isa. Shingen kara ba ya aiki: akuya ta ci, gara ta ƙarasa. Kewaye kowane dashe da ƙayar magarya, ka kafa ta cikin ƙasa don iska, ka sabunta kowane rani har kan itacen ya fi ƙarfin bakin akuya.

Sannan ku zauna da makiyaya tun kafin kaka. Wanda ya dasa a kan burtali, ƙaya ba za ta cece shi ba.

7. Riƙe littafi. Rubuta iri da ranar dashe, ka riƙa auna kaurin itace a tsayin mita 1.3 daga ƙasa. Wanda ya mutu, maye gurbinsa.

Kuɗin ba ya zuwa sai bayan shekaru, kuma dillalai na da kasonsu. Kada ka sa hannu sai an karanta maka yarjejeniyar da Hausa, ka ji nawa ne naka, kuma ko an bar ka ka ɗebi ƙaro da ganye.