Ciwon Ƙirji Na Zuciya: Don Me Likita Ke Haɗa Magunguna?

Jama'a, akwai wani ciwon ƙirji da ke tasowa in mutum ya yi sauri, ko ya ɗauki kaya, ko ransa ya ɓaci. Sai ya ji kamar an danne masa ƙirji, wani lokaci ciwon ya gangara hannun hagu ko ya hau muƙamuƙi. In ya huta 'yan mintoci sai ya lafa. Likitoci na kiransa anjina. Kitse ne ya taru a bangon jijiyoyin da ke ciyar da zuciya, hanya ta ƙuntata, jinin da ke wucewa ba ya isarta in aiki ya yi yawa.

A shekarun 1970, lokacin da Farfesa Eldryd Parry ke aiki a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello nan Zariya, ciwon zuciyar da ya fi ɗaukar hankalin likitoci shi ne na masu jego, wanda suka danganta da wankan jego da kunun kanwa. Toshewar jijiya kuwa da wuya a gan ta. Yau zamani ya juya: hawan jini, ciwon sukari, taba da ƙiba sun buɗe mata ƙofa.

To, mai wannan ciwo yakan fito daga wurin likita da magani huɗu ko biyar, sai ka ji ana cewa ai kuɗi kawai ake so a ci. Ba haka ba ne. Kowanne da aikinsa. Atenolol ko Bisoprolol na rage gudun zuciya don kada ta gaji. In shi kaɗai bai isa ba sai a ƙara Amlodipine, mai buɗe jijiyoyi. Akwai kuma GTN da ake sa wa ƙarƙashin harshe in ciwo ya taso. A zaune ake sa shi, don yana kawo jiri da ciwon kai.

Sauran biyun su mutane suka fi rainawa, don ba a jin aikinsu a jiki. Asfirin ƙarami, miligiram 75, yana hana jini gudajewa a ƙuntatacciyar hanya, Atorvastatin kuma yana rage kitsen jini. Waɗannan su ke kare mutum daga bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Wanda ya ajiye su don ƙirji ya daina ciwo ya yi babbar wauta.

A kula. Kada a yanke Atenolol farat ɗaya, ciwon na iya dawowa da ƙarfi. Mai asma ko gyambon ciki ya faɗa wa likita tun farko. Magidanta kuwa, a bar kunya: haɗa GTN da maganin ƙarfin maza irin su Viagra na iya faɗar da jini har a rasa rai. Mai azumi ya nemi likita ya gyara masa lokutan sha kafin watan ya kama.

In an sa GTN sau biyu, minti 5 tsakani, ciwon bai lafa ba, ko ya zo ana zaune tare da zufa, wannan ya wuce kemis ɗin unguwa. A nemi mota nan take a nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a tafi da kwalayen magungunan duka.