DARASI: Maigida Mai Wuyar Hali Da Karatun Da Aka Bari A Hanya

Karatu: Farawa sura 29 zuwa 31, Luka 14:28-30

'Yan'uwa cikin Almasihu, da wuya a sami ikilisiya a ƙauyukanmu wadda ba ta da ɗa ko 'ya a kudancin kogin Kaduna. Suna Kakuri, Barnawa, Narayi, Television, Sabon Tasha, Unguwar Romi da Gonin Gora. A zamanin iyayenmu masaƙun Kakuri ne suke ɗaukar mutane dubbai. KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, UNTL kuma ta tsaya a 2007. Tun daga lokacin, yawancin yaranmu suka koma aiki a ƙananan makarantun kuɗi, shaguna, otal-otal da gidajen mai, inda mutum ɗaya ne yake ɗauka, shi ne kuma yake kora.

Da yawa cikinsu sun taɓa shiga jami'a ko kwaleji, amma rashin kuɗi, rasuwar uba, ko rikici irin na 2000 da 2002 ya tsayar da karatun. Yanzu ga oga mai zagi a gaban mutane, mai riƙe albashi. Sai yaro ya kira gida ya ce, "Baba, na gaji, zan ajiye aikin nan in koma makaranta." Me za mu ce masa?

Abin da darasin nan yake koya mana shi ne: komawa makaranta abu ne mai kyau, amma lissafi da addu'a ne za su sa ranar tashi, ba fushi ba.

Yakubu a gidan Laban

Yakubu ya yi wa kawunsa Laban aiki shekara 20: shekara 14 saboda Lai'atu da Rahila, 6 kuma saboda garke. Laban ya ruɗe shi a daren aure, ya kuma canja masa lada har sau 10. Yakubu ya sha rana, ya sha sanyin dare, dabbar da naman jeji ya kashe kuma shi yake biya. Mu lura da abu huɗu.

Na ɗaya, bai ɓata aikinsa ba. Laban da bakinsa ya yarda cewa Ubangiji ya sa masa albarka saboda Yakubu. Mugun halin oga bai ba mu izinin zuwa a makare ko taɓa kuɗin shago ba. Manzo Bulus ya koya wa Kolosiyawa su yi aiki da zuciya ɗaya domin Ubangiji ne mai sakamako.

Na biyu, haƙurinsa ba na zaman banza ba ne. Bayan haihuwar Yusufu ya fara tunanin gidansa, ya yi yarjejeniya a kan lada, ya ƙara shekara 6 yana tara abin kansa. Mahaƙurci mawadaci, amma mahaƙurcin da yake shiri.

Na uku, ya yi shawara. Ya kira matansa zuwa saura, ya faɗa musu dukan abin da ke ciki kafin ya ɗaga ƙafa.

Na huɗu shi ne inda bai kamata mu bi shi ba. Ya gudu a ɓoye sa'ad da Laban ya tafi sausayar tumaki. Laban ya bi shi kwana 7 har ƙasar Gileyad, kuma in ba don Allah ya tsawata wa Laban a mafarki ba, da an yi ɓarna. A ƙarshe sai da suka zauna suka yi alkawari, suka rabu lafiya.

A zauna a yi lissafi

Ubangiji Yesu ya ba da misalin mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya fara zama ya ƙidaya kuɗin, don kada ya tsaya a harsashi ya zama abin ba'a. Wanda karatunsa ya taɓa tsayawa ya san zafin wannan. Ga abin da za a bincika kafin a rubuta takardar barin aiki.

1. Gurbin yana nan? Jami'o'i suna da iyakar shekarun da ɗalibi zai yi. A je ofishin sashen da kai, a tambaya, a kuma nemi takardar sakamakon darussan da aka riga aka ci.

2. Dole ne a bar aiki? Ba kullum ba. Jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka kuma farfaɗo da ita a zamanin Shugaba Obasanjo, tana da cibiya a Kaduna, an kuwa shirya ta musamman domin ma'aikata. Malaman makaranta suna da Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, wadda hedkwatarta ke Kaduna tun 1976. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma tana da sashen karatu daga nesa. Mai iya komawa aji sosai kuma, ga Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004, mai reshe a Kafanchan.

3. Makarantar ta gaskiya ce? Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, takan fitar da sunayen jami'o'in bogi. A duba kafin a biya ko kwabo.

4. Nawa ne duka? A rubuta kuɗin makaranta, littattafai, mota, haya da abinci, daga yau har ranar gamawa. A shiga adashi, a ajiye aƙalla kuɗin zango ɗaya a hannu.

5. Yaya za a fita? Dokar Ƙwadago ta ce a ba ƙaramin ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3 da farawa. Ta kuma sa wa'adin sanarwa: mako 1 ga wanda ya wuce wata 3 bai kai shekara 2 ba, mako 2 daga shekara 2 zuwa 5, wata 1 ga mai shekara 5 ko fiye. A ba da sanarwa a rubuce, a miƙa makulli da lissafi a gaban shaida.

Akwai lokacin da ba a jira. Idan oga yana neman 'yarmu da lalata, ko yana tilasta wa ɗanmu ya rubuta ƙarya a littafin kuɗi, misalin Yusufu a gidan Fotifar ne abin bi: ya bar rigarsa ya fita. Nan ikilisiya za ta tsaya ta riƙe su.

Namu rabon a ƙauye

Sau da yawa mu ne muke ɗaure yaranmu a gidan Laban, da yawan aike na taki, biki da kuɗin asibiti. Iyalin da suke son ɗansu ya gama karatu za su rage roƙo na shekara 2 ko 3, su aika masa da masara, doya ko wake bayan girbi. Zumuntar mata da ta matasa za su iya buɗe ƙaramin asusun rance domin ɗalibai. Waɗanda kuma Allah ya ba su ma'aikata a cikinmu, ko da masu noman ƙodago ne, su tuna wasiƙar Yakubu sura 5 ta gargaɗe mu cewa kukan ladan da aka danne yana kaiwa kunnen Ubangiji.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mene ne bambanci tsakanin haƙuri da tsoro?
2. Su wane ne a ikilisiyarmu suka bar karatu a hanya? Wa zai ziyarce su a watan nan?
3. Wane aike ne za mu iya ɗauke wa 'ya'yanmu da ke birni?

Addu'a

Ya Uba, ka ba 'ya'yanmu haƙuri a wurin aiki da hikimar yin shiri. Ka sauya zuciyar masu zalunci, ka buɗe hanya ga masu son gama karatu, ka kuma koya mana mu ɗauki nauyin juna. A cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.