Bazden ƙaramin yaro: a ina za a yi, kuma wa ake son faranta wa?

  

Ranar Talatar da ta wuce, bayan mun sallame la'asar, wani bawan Allah daga cikin masu bin mu salla ya zauna har kowa ya watse, sannan ya matso ya ce, "Malam, ina da 'yar tambaya, amma don Allah kar ka yi mini dariya." Ɗansa ne zai cika shekara huɗu. Uwar yaron ta ce lallai sai an yi masa bikin zagayowar ranar haihuwa, wato abin da yanzu ake kira bazde, domin bara an yi wa ɗiyar abokiyar zamanta. Ya zaro takarda daga aljihu: kuɗin ɗakin taro, kuɗin dije, kek mai hawa biyu, mai ado da balan-balan, mai hoto, anko, ledojin rabo. Da muka haɗa lissafin, ya haura albashinsa na wata biyu, kuma niyyarsa ya karɓi kwasar adashi tun kafin lokacinsa. Tambayar tasa ita ce: "Hol zan kama, ko rumfa zan kafa a ƙofar gida? Kuma in na cire dije, me zan sa wa yaran?"

Ku lura, bai tambaye ni halal ne ko haram ba. Duk da haka ba zan tsallake wannan ba, don na san wasunku shi suke jira.

Malamai sun yi saɓani. Malamanmu na Madina, a kan fatawar Shaikh Bin Baz da Shaikh Ibn Usaimin, Allah Ya jiƙan su, suna ganin a bar shi. Hujjarsu ita ce duk ranar da ake maimaita bikinta shekara-shekara ta zama idi, kuma a hadisin Anas da Abu Dawud ya ruwaito, Annabi (SAW) ya tarar da mutanen Madina da ranaku biyu na wasa, ya sanar da su an musanya musu da ƙaramar salla da babba. Sun ƙara da cewa kwaikwayon wasu ne. A ɗaya ɓangaren, Darul Ifta ta Masar tana ganin al'ada ce ba ibada ba, halas ce matuƙar ba a haɗa ta da saɓo ba. A 2008 ma Shaikh Salman al-Auda ya faɗi kusa da haka a talabijin, babban muftin Saudiyya na lokacin ya yi masa raddi. Ni dai abin da zuciyata ta natsu da shi shi ne barin sa, kuma a gidana ba a yi. Abin da shari'a ta tanadar wa haihuwa shi ne yankan ragon suna ran bakwai, wanda a mazhabar Malikiyya rago ɗaya ya wadatar, namiji ne ko mace. Amma ba na kiran wanda ya bi ɗaya fatawar fasiƙi, kuma na san ko na hana, a Daura da Mai'adua da Zango za a yi wani wannan makon. To tunda za a tara yara, ko don bazde, ko don yaro ya haddace izu, ko don ya warke daga jinya, tambayar bawan Allahn nan tana nan daram, kuma ta cancanci amsa.

Na ce masa, kafin mu zaɓi wuri, gaya mini sunayen abokan ɗanka. Ya yi shiru, ya ƙirga da yatsa. Biyar ya samu: 'ya'yan maƙwabta uku, ɗan ƙanwarsa, da wata yarinya a Islamiyya. Na ce, to kujera ɗari biyun da ke cikin hol ɗin nan, su wa za su zauna a kai? Ya yi dariya, ya ce, "Ƙawayen mamansa."

A nan maganar take. Yaro ɗan shekara huɗu bai san hol ba, bai san kuɗinsa ba. Abin da ya sani fuskokin da ya saba da su, da wurin da zai yi gudu ba a daka masa tsawa ba. Ku je ku duba hotunan irin waɗannan bukukuwa da kyau. Sau da yawa mai bikin yana saɓe a kafaɗar wata, an cusa masa kaya masu kauri yana zufa, yana kuka, manya kuma suna ta murmushi ga waya. Idan wurin da ka zaɓa ya fi dacewa da kyamara a kan yaron, ka yi wa kanka adalci ka kira abin da sunansa: bikin manya ne aka fake da yaro. Kuma inda aka ce don a gani aka yi, mun san sunan wannan ciwo a littattafan zuciya.

Shi ya sa na ce masa tsakar gida. Ba don rowa ba. A tsakar gida ka san wa ya shigo, wa ya fita. Matan gida suna cikin suturarsu da sakewarsu, ba baƙon namiji mai ɗaukar bidiyo yana zagaya su. Banɗaki na kusa, ruwa na kusa, yaro in ya gaji ya shiga ɗaki ya yi barci. Idan gidan ya yi ƙunci, akwai gidan kaka, akwai harabar Islamiyya in an nemi izini. Rumfa a kan layi kuwa, ka tuna hanya tana da haƙƙi. Ka toshe wa mai amalanke da mai babur da mai kai mara lafiya asibiti hanya saboda yaro ya ƙara shekara, wannan ba godiyar ni'ima ba ce.

Akwai masu cewa su fita za su yi. Wani ya kwashi yara a mota zuwa Kano, gidan zu ko wuraren lilo. Ba laifi ba ne a kansa, amma ka lissafa tafiyar ta Kazaure, zuwa da dawowa, da ƙananan yara a bayan mota, da kuɗin mai yadda ya koma tun da aka cire tallafi a 2023. Kuma 'ya'yan mutane amana ne, kowane ka ɗauka sai da sanin ubansa. Bakin ruwa kuwa, irin dam ɗin Sabke ko Daberam, ina roƙonku da girman Allah kar a kai ƙananan yara da sunan shaƙatawa. Yaro ba ya ihu in yana nutsewa, kuma kafin babba ya gama amsa waya an gama. In fita ake so, ga rijiyar Kusugu nan cikin gari. Yara nawa ne a Daura suka taɓa leƙa ta? Baƙi suna zuwa daga nesa su gani, mu da muke kwana kusa da ita ba mu kai 'ya'yanmu ba. Ka ɗauki huɗu ko biyar, ka ba su labarin Daurama da Bayajida da macijin da ke hana ɗibar ruwa sai ran Juma'a, ka gaya musu wannan labarin kaka da kakanni ne, ku biya ta ƙofar fada su ga dawaki in an yi sa'a. Za su fi wata guda suna ba da labari.

Lokaci ma yana cikin zaɓen wuri. Tsakanin la'asar da magariba ya isa. A hadisin Jabir da ke cikin Bukhari an umarce mu da mu killace yara idan rana ta faɗi. Bikin da zai ci magariba ya ci isha'i, ga 'yan mata ƙanana za su koma gida cikin duhu, tun daga nan ya karkace. In kuma lokacin bazara ne, watan Maris zuwa Mayu, kun san zafin garin nan, kun san lokacin sanƙarau ne. Kar a cusa yara talatin a ɗaki ɗaya a rufe. Janareta kuma a kai shi nesa, a fili, don hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji ba.

Sai abin nishaɗi, wanda nan ne aka fi samun ɓarna.

Kar wani ya ɗauka Musulunci yana gaba da wasan yara. A Bukhari da Muslim, Nana A'isha ta ba da labarin 'yan mata biyu da ke waƙa a ɗakinta ranar idi, Sayyidina Abubakar ya tsawata, Annabi (SAW) ya sa a ƙyale su. Ita ce kuma ta kalli Habashawa suna wasa da masu a cikin masallaci, yana kare ta da mayafinsa har sai da ita ta gaji. Tana da 'yan tsana, har da doki mai fukafukai wanda ya ba shi dariya. Ƙanin Anas yana da ɗan tsuntsu, da tsuntsun ya mutu Annabi (SAW) ya tsaya yana tambayar yaron labarinsa. Wanda ya san wannan ba zai ce a zaunar da 'yan shekara huɗu a yi musu wa'azin awa guda ba. Ni kaina an taɓa gayyata ta irin wannan, na yi minti biyar na ga ana ta hamma, na rufe da addu'a na ce a kawo cincin.

Matsalar dije ba wai ƙara ba ce kaɗai. Wane irin waƙa zai sa? Waƙoƙin da aka rera don samari da 'yan mata, da kalmomin da kai uba ba za ka iya maimaita su gaban mahaifiyarka ba. Sai a sa yarinya 'yar shekara biyar a tsakiya, a ce ta yi rawar da ta gani a TikTok, manya suna tafi suna yi mata liƙi. Me aka koya mata a wannan yammacin? An koya mata cewa girgiza jiki gaban jama'a yana kawo kuɗi da yabo. Wallahi wannan darasi ya fi na Islamiyya saurin shiga. Sannan a ɗora bidiyon a intanet, inda ba ka da iko da wanda zai gani ko abin da zai yi da shi, kuma yarinyar ba a tambaye ta ba. Annabi (SAW) yana nema wa Hasan da Husaini tsari daga mugun ido, mu kuma muna kai namu kasuwar ido da hannunmu. Ita ma ƙarar ba ƙaramin abu ba ce. Kunnen yaro bai kai na babba ƙwari ba. In har sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, to lasifikar tana yi wa yaran illa, ban da maƙwabci mara lafiya da ke bayan katanga.

Kek kuwa abinci ne, ba ruwan shari'a da fulawa da sukari. Abin da nake ja wa kunne a kai shi ne kyandir: a ce wa yaro ya rufe ido, ya ƙudurta buri a zuciya, ya hure wuta don burin ya cika. Wannan al'ada ce da ta zo daga Turai, kuma ko da wasa ake yi, muna shuka wa yaro cewa akwai wata hanyar neman biyan buƙata ban da ɗaga hannu ga Allah. A cire wannan. Balan-balan kuma in ya fashe a tsince guntayen nan take, ƙananan yara suna sa shi a baki ya toshe musu numfashi.

To me za a sa musu? Na tambayi bawan Allahn nan, kai da me ka yi wasa kana yaro? Nan take fuskarsa ta sake. Langa, ɓoyo, tseren taya. Mata kuma gaɗa, carafke, 'yar gala-gala, tsallen igiya. Na ce mahaifiyarka tana da rai? Ya ce tana nan. Na ce to ga mai nishaɗantarwa, kyauta. A shimfiɗa tabarma, Hajiya ta yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, a yi kacici-kacici, wanda ya ci a ba shi alawa, wanda bai ci ba ma a ba shi. A kawo takardu da fensir mai kala su yi zane. A yi dafa-duka, a haɗa zoɓo ko kunun aya. Kuma duk abin da aka yi wa yaro alkawari a cika, domin a Abu Dawud akwai gargaɗi ga uwar da za ta kira ɗanta da sunan za ta ba shi abu alhali ba za ta ba shi ba, cewa ƙarya za a rubuta mata.

Akwai abin da ya faru da 'yata, ba na mantawa. An yi irin wannan biki a wani gida a unguwarmu, ta bi ƙawayenta. A bakin ƙofa aka tsaya ana duba masu anko, ita da wasu yara biyu aka ce su koma. Ta dawo ba ta yi kuka ba, ta zauna kusa da ni ta ce, "Abba, mu talakawa ne?" Shekararta biyar a lokacin. Abu Huraira ya ruwaito zargi mai tsanani a kan walimar da ake kiran masu hali a bar matalauta. Mukan karanta wannan a babin aure, ba mu lura ya shafi ledar rabon yara ba. In ka san abincinka na yara ashirin ne, ka dafa na talatin, domin 'ya'yan maƙwabta za su leƙo, almajirai za su tsaya a zaure. Kar yaro ya koma gida daga ƙofarka yana tambayar ubansa irin tambayar da aka yi mini.

Saura maganar da ta fi damun mai tambayar, ko da yake bai faɗe ta kai tsaye ba: an yi wa ɗiyar wancan ɗaki a hol, yaya zai yi wa ɗan wannan ɗaki a tsakar gida? Uwar yaron tana da gaskiya ta wata fuska. Hadisin Nu'uman bin Bashir a fili yake, Annabi (SAW) ya ƙi yin shaida a kan kyautar da aka fifita ɗa guda da ita. Amma adalci ba ya nufin ka maimaita kuskure sau biyu don ɗakuna su yi daidai. Na ce masa ya tara su duka biyu, ya amsa cewa na bara kuskurensa ne shi, ba na kowa ba, ya faɗi tsarin da gidan zai bi daga yau a kan kowane ɗa. Sannan kimanin abin da ya kashe bara, ya saya wa yaron nan wani abu da zai zama nasa, a hankali, ba da bashi ba. Ko 'yar tunkiya ce daga kasuwar Mai'adua ran Lahadi, uwar ta riƙa kiwata masa.

Ya ce, "Malam, kai ba ka san ta ba." Na ce gaskiya ne, ban san ta ba, shi ya sa ban ce ka je ka ce Malam ya hana ba. Ka fara da ba ta haƙuri. Ya ninke takardarsa ya mayar aljihu, ya ce zai gwada bayan isha'i. Ku sa shi a addu'a. Wallahu a'alam.