Fadamar Hadeja da Baƙinta na Hunturu

Jama'a, duk wanda ya san ƙasar Hadeja da Nguru ya san arzikinta a ruwa yake. A nan kogin Hadeja da na Jama'are suke bazuwa cikin fadama, kafin su zama kogin Yobe su nufi Tafkin Cadi. In damina ta yi albarka, ruwa yakan malale fili, tarwaɗa da karfasa su bar kwarin kogi su shiga ciyawa su zuba ƙwai. Ruwan na janyewa ɗanyar ciyawa ta fito wa shanu, manomi ya bi laima da irinsa. Hunturu na kamawa sai ga baƙi: agwagin daji da ƙananan tsuntsaye dubbai, sun ƙetaro teku da Sahara daga Turai, sun sauka a Dagona da sauran sassan fadamar.

To, a lura, kowane ɗayansu da lokacinsa, kuma lokacin wani a jikin na wani yake rataye. Kifi na jiran ambaliya, tsuntsu na jiran kifi da ƙwari. Wannan tsarin ne sauyin yanayi yake dagulawa. Hayaƙin fetur da kwal da gas yana taruwa a sama ya tsare zafi, har duniya ta ƙara ɗumi da fiye da digiri ɗaya a kan yadda take kafin zamanin masana'antu. Kada mai karatu ya raina digiri ɗaya. Ya isa ya jinkirta damina, ya sa tafki ƙafewa da wuri, ko ya tara ruwan wata guda ya juye shi cikin kwana biyu. Ɗan Adam yana da dabara, zai haƙa rijiya ko ya tafi cin rani. Kifin da ya makale a kududdufi fa?

Mun riga mun ga abin da fari ke iya yi. A 1963 faɗin Tafkin Cadi ya kai murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin 1973 da na 1984, da ƙyar kashi ɗaya cikin goma ya saura. Tun kafin nan ma, a bazarar 1969, masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila sun wayi gari wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da fiye da rabi. Da aka bi sawu, ashe farin Sahel ne ya cinye su a nan wajenmu. Gauraka kuwa, wadda Nijeriya ta ɗauka tsuntsuwarta ta ƙasa, yau yaro sai ya girma bai taɓa jin kukanta ba, domin fadamun da take sheƙa sun bushe ko sun koma gonaki, ga masu kama ta suna sayarwa.

Sai dai kada mu ɗora wa sama laifin duka. Dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992 sun rage ambaliyar shekara, suka bar ruwa yana kwarara kaɗan-kaɗan rani da damina. Abin da ciyawar kacalla take so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta kori sauran ciyayi, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye gero da shinkafa. Fadamar da hannunmu ya riga ya raunana, yaya za ta jure wa zafin da ke ƙaruwa?

Saboda haka akwai aikin da ke wuyanmu. Masunci ya bar taru mai ƙananan ido, ya ƙyale kifi lokacin ƙwai. Maharbi ya ɗaga wa baƙin hunturu ƙafa. Manomi in ya ga tohon gawo ko kuka a gonarsa ya kewaye shi, yadda manoman Maraɗi da Damagaram suka yi har miliyoyin itatuwa suka dawo. Masu unguwanni da sarakunan ruwa su riƙa kiran aikin gayya na yanke kacalla, su kuma matsa wa hukumar madatsun ruwa ta saki ruwa da yawa a tsakiyar damina, lokacin da kifi ke nema.